Yadda Ake Shafa Jan Fenti Mai Duhu a Bangon Ɗaki Ya Fito Sumul

Saura wata biyu bikin ƙanwata ta same ni da hoton wani falo a wayarta. Bango ɗaya a cikinsa ja ne mai duhu, kamar zoɓon da aka jiƙa ya kwana. Ta ce, "Yaya, irin wannan nake so a ɗakina." Na kira wani mai fenti, na ba shi kuɗin kaya, na wuce wurin aiki. Da la'asar na dawo na tarar da bango dabbare-dabbare, nan ja can ruwan hoda, ga sawun rulo daga sama har ƙasa kamar an ja tsintsiya a kan rairayi. Ya ƙara shafi na biyu, ya ƙara na uku, har na biyar, amma farin da ke ƙarƙashi bai daina leƙowa ba. Fenti ya ƙare, ranar jere ta matso, yarinya ta fara hawaye. Sai da muka goge bangon muka sake shi daga tushe, a hannun wani dattijon mai fenti da ya daɗe a sana'ar. Yawancin abin da zan faɗa a nan a wurinsa na koya, sauran kuma daga ɗakuna uku da na yi da hannuna bayan wannan.

Abin da ya kamata ka sani tun kafin ka taka kasuwa shi ne, jan fenti mai duhu ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Farin fenti yana rufewa ne saboda wani farin gari da ke cikinsa, titaniyom, wanda haske ba ya ratsa shi. In kamfani zai haɗa ja mai duhu dole ya rage wannan garin sosai, don in ya bar shi da yawa ruwan hoda zai samu. Su kuma sinadaran da ke ba da ja mai ƙyalli, da yawansu shara-shara ne. Zuba zoɓo a kofin gilashi ka ɗaga shi sama, za ka hango yatsunka ta ciki. Haka jan fenti yake a kan farin bango. Saboda haka kashi biyu cikin uku na wannan aiki ana gama shi ne tun ba a buɗe gwangwanin jan ba.

Ja kuwa ba baƙo ba ne a Damagaram. Wanda ya zaga unguwar Birni ko Zengo ya ga fuskokin tsofaffin gidaje da zanen magina, an cike shi da launuka, ja na ciki. Dukawanmu sun daɗe suna rina fatar akuya da karan dafi ta fito jawur. Kakanninmu kuma da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, suke yayyafa wa daɓe da bango har su yi wannan duhun ja mai sheƙi. Idonmu ya saba da launin. Fentin gwangwani da bangon siminti ne suka zo da nasu sharuɗɗan.

Wane bango?

Ka fara da tsayawa a tsakiyar ɗakin sau uku a rana ɗaya: da hantsi, da la'asar, da bayan isha'i in an kunna fitila. Farin bango yana maido da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, ja mai duhu kuwa abin da yake maidowa bai wuce kashi 10 ba, sauran ya shanye. Gidajenmu da yawa tagoginsu ƙanana ne saboda rana da ƙura, ga ɗauke wuta da ba ya sallama. In ka shafe bango huɗu da ja a irin wannan ɗaki, da tsakar rana ma sai ka nemi tocila. Ni dai shawarata bango ɗaya, sauran ukun da filafon su zama masu haske.

Wanda ya fi dacewa shi ne bangon da ido ke fara sauka a kai in an shigo, ko wanda ke bayan gado, ko bayan babbar kujera. Ya zama haske yana zuwa masa daga gefe ko daga gaba. Bangon da tagar take a jikinsa kada ka zaɓe shi, don hasken da ke shigowa ta tagar yana kashe ido, jan ya koma kamar baƙi. Haka kuma wanda ranar yamma ke duka kai tsaye, zai koɗe kafin sauran, har ka ga shatar inda labule ya tsaya.

Akwai hanya ta biyu da na fi so ga falon da ake zama a ƙasa, a kan kafet ko darduma ana jingina da bango. A shafa jan daga ƙasa zuwa tsawon mita 1 ko mita 1 da santimita 20, a zagaye ɗakin da shi, sama kuma ruwan madara. Daidai wurin da man kai da hannun yara ke ɓata farin bango, nan jan yake rufewa, hasken ɗakin kuma bai tafi ba. Zaure ma yana karɓar wannan tsari. Madafar da ake girki da itace ko gawayi kuwa a ƙyale ta, hayaƙi zai mayar da jan ruwan ƙasa mai datti. Ɗakin karatun yara ma haske ya fi buƙata.

Wane ja?

Ja mai duhu iri-iri ne. Akwai mai karkata zuwa shunayya, irin na zoɓo, wanda wasu ke kira ruwan hanta. Akwai mai karkata zuwa ruwan ƙasa, irin na makuba da jar tukunya. Bambancinsu ya wuce na ido kawai. Jan da ya yi kama da makuba yawanci daga tsatsar ƙarfe ake yin garinsa, irin sinadarin da ya sa jar ƙasa ta zama ja. Wannan yana jure rana, siminti ba ya cin sa, yana kuma rufe bango da shafi biyu. Ruwan zoɓo ya fi ɗaukar ido, amma shi ne shara-shara, shi ne kuma rana ke saurin koɗar da shi. Ga wanda bai taɓa yi ba, ko mai ɗakin da rana ke shiga sosai, na makuba ya fi kwanciyar hankali. Ƙanwata ta dage a kan ruwan zoɓo, ya kuma yi kyau, sai dai ya ci shafi uku a kan shimfiɗa, wato fentin da ake fara shafawa kafin jan.

Ga wani kuskure da ake yawan yi. Mutum ya sayi bokitin farin fentin ruwa, wanda masu kanti ke kira fom, ya sayi ƴan kwalaben launi ja ya juye a ciki yana jiran ja mai duhu. Ba zai samu ba. Farin ya riga ya fi ƙarfi, iyakarsa ruwan hoda mai kauri. In kuma ya ci gaba da zuba launin har ya wuce ƙa'ida, fentin zai yi rauni, ya riƙa bin rigar duk wanda ya jingina. Waɗannan kwalaben don launuka masu haske aka yi su. Ka nemi jan da aka haɗa tun daga kamfani, ko wanda aka haɗa da inji a kan fenti marar fari. In a kasuwar Dole ba ka samu irin da kake so ba, masu zuwa Kano suna kawowa, sai ka ba da saƙo da sunan launin da lambarsa a rubuce, kada ka dogara da hoton waya. In jan da ka samu ya yi haske kaɗan, ana iya dusashe shi da baƙin launi, ɗigo-ɗigo, kana rubuta adadin da ka sa.

Tsakanin fentin ruwa da fentin mai, ga bangon cikin ɗaki na ruwa ya fi, in dai mai kyau ne wanda ake iya gogewa, wanda aka rubuta akirilik a jikinsa. Ba shi da wari mai hawa kai, kuma da ruwa ake wanke kayan aikinsa. Ka nemi mai ɗan sheƙi kaɗan, wanda ake rubuta wa satine. Marar sheƙi gaba ɗaya yana da kyau ranar farko, amma a garin da ƙurar hunturu ke shiga har cikin akwati, duk inda ka goge shi da tsumma sai ya bar tabo. Mai ƙyalli sosai kuma yana tona asirin magini, duk wani tudu da kwari na shafen siminti sai ya fito fili.

Kafin ka sayi mai yawa, sayi ƙaramin gwangwani. Samo kwali ko guntun filai mai faɗin rabin mita, ka yi masa shimfiɗar toka da zan yi bayani a gaba, ka shafa jan sau biyu, ka jingina shi da bangon kwana biyu. Duba shi da safe, duba shi da dare, kawo labulen da yadin kujerun ka kara a kusa. Gani ya kori ji.

Maganar dalma

A nan zan ɗan daɗe, don ta shafi lafiyar yara. Fentin mai ja da rawaya suna cikin waɗanda aka fi samun dalma a ciki, saboda wasu masana'antu da ita suke haɗa waɗannan launuka. Bango yana tsufa, fenti ya zama ƙura ko ɓawo, yaro mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Mun ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe kimanin yara 400. Can daga duwatsun zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke goyon baya shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti. Ka duba jikin gwangwani ka ga ko an rubuta sans plomb, wato babu dalma. Fentin da aka ɗura a galan marar suna ana sayarwa da awo, ka bar shi ko da kyauta ne. Jan fentin nan da maƙera ke shafa wa ƙofofi da tagogin ƙarfe don tsatsa, shi ma kada a kai shi bangon ɗaki wai don launinsa ya yi kama, wasu irinsa da dalma ake yin su. Fentin ruwa ba kasafai ake sa masa dalma ba, wannan ma wani dalili ne na zaɓensa.

Awo

Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Ɗauko mita ka auna. Bango mai faɗin mita 4 da tsayin mita 3 ya zama murabba'in mita 12. Lita 1 ta fenti tana shafe kimanin murabba'in mita 10 a bango mai santsi, ƙasa da haka a mai kaushi. Shafi uku ke nan murabba'in mita 36, wato kusan lita 4. Ka ƙara lita 1 ta gyara a gaba. Lura da cewa yawancin fentin da ke kasuwarmu da kilo ake rubuta shi, kuma fenti ya fi ruwa nauyi, gwangwanin kilo 4 bai fi lita 3 ba. Ka sayi duka a rana ɗaya, masu lambar haɗi ɗaya. A farin fenti ba a ganin bambancin gwangwani da gwangwani, a ja kuwa ana gani.

Sauran kaya: fentin shimfiɗa, wanda ake kira impiresiyon, ƙaramar kwalbar baƙin launi, garin cike tsaga, sanfefa mai laushi, cokalin kankara, rulo mai gashi santimita 1 ga bango mai santsi ko wanda ya fi haka tsawo ga mai kaushi, buroshi mai faɗin santimita 5, sikoc na takarda, wato tef ɗin mannewa, ledar rufe ƙasa, da babban bokiti mai tsabta. Kada ka yi ƙwauron kuɗin rulo. Na banza yana zubar da gashi, kowane sili kuma sai ya fito a kan ja. Araha ba ta ado.

Shirya bango

In sabon shafen siminti ne, ka bar shi kwana 28 aƙalla. Ɗanyen siminti yana da kaifi irin na kanwa, yana cin launi, ja ruwan zoɓo kuma shi ya fi saurin ƙonewa. Na san ana matsuwa in biki ya zo, amma gara amarya ta tare a farin ɗaki a yi jan daga baya.

In tsohon bango ne, shafa tafin hannunka a kai. In ya fito fari fat, farar ƙasa ce ko fentin da ya mutu, kuma duk abin da ka ɗora a kansa tare za su ɓare. A jiƙa shi kaɗan a kankare, a goge da buroshi mai tauri har hannu ya daina yin fari. In fenti ne mai ƙwari amma ba ka san irinsa ba, jiƙa tsumma da alkol na kemis ka murza wuri ɗaya. In launi ya biyo tsumman, na ruwa ne, ana iya ɗorawa. In bai biyo ba, na mai ne, sai an kashe sheƙinsa da sanfefa an sa shimfiɗar da ke kama fentin mai. Wajen goge tsohon fentin mai a jiƙa sanfefar don kada ƙura ta tashi, mai aikin ya rufe hanci, a fitar da yara da mai juna biyu daga sashen, a kuma goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma bayan an gama, saboda dalmar da na ambata.

Sai ka duba gindin bangon. In akwai farin gari kamar gishiri yana tsatsowa, ko fenti ya kumbura, danshi ne ke hawowa daga ƙasa, ko bayan bangon makewayi ne, ko indararo na zuba a kansa da damina. Manna leda mai faɗin kamu biyu a wurin, ka rufe gefunanta da sikoc, ka bar ta kwana ɗaya. In ka ga raɓa a bayanta, a gyara tushen ruwan tukuna. Farin gishiri a kan jan bango daga bakin ƙofa ake hango shi.

Bayan nan a cike tsagogi da ramukan ƙusa, a bari su bushe, a goge su yi daidai da bango. Dattijon nan ya koya mini wata dabara: da dare ka kashe fitila, ka manna tocila da jikin bango ka haska ta gefe. Duk wani ƙurji da rami zai yi inuwa, sai ka zagaye shi da fensir ka gyara da safe. Daga ƙarshe a share ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma.

Duk wannan bayanin na bangon siminti ne. Ginin ƙasa hukuncinsa dabam. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, in ka rufe shi da fentin gwangwani sai ya riƙe ruwan a ciki, fentin ya ɓare da ɓawon ƙasa a bayansa. Masu tsofaffin ɗakuna a Birni su nemi magini na gargajiya ya yi musu yaɓen jar ƙasa mai laushi, a bi shi da ruwan makuba, ko a dama jan garin tsatsar ƙarfe da ruwan ƙaro a shafa. Haɗa jan gari da farar ƙasa ma ana yi, sai dai in ya bushe yana yin haske sosai, ba zai kai duhun da muke magana ba.

Shimfiɗar toka

Wannan shi ne abin da mai fentin farko ya tsallake. Da dattijon ya buɗe farin fentin shimfiɗa ya fara ɗiga masa baƙi, sai na ce, "Baba, ja fa muka ce." Ya ce, "Na ji, ɗana. Ja ba ya zama a kan fari, sai an yi masa shimfiɗa." Ya yi ta motsawa har ya koma ruwan toka matsakaici, kamar busasshen siminti.

Dalilin a fili yake in ka tuna kofin zoɓo. Haske yana ratsa jan, ya daki abin da ke ƙasa, ya dawo. In fari ne a ƙasa, duk inda jan ya yi siriri sai ya yi haske, inda ya yi kauri ya yi duhu, shi ne dabbare-dabbaren. In toka ce, hasken da ke dawowa kaɗan ne, bambancin ba ya fitowa, jan ya yi zurfi tun daga shafi na biyu. Kada tokar ta yi duhu sosai, za ta kashe jan ya koma kamar busasshen jini. Kada kuma a yi shimfiɗar da ruwan hoda kamar yadda wasu ke yi, fari ne dai ya sake riga. Shafi ɗaya na toka ya isa in ya rufe ko'ina daidai. A bar shi ya kwana.

Lokacin aiki

Zafin Afirilu da Mayu, da ma'auni ke haura digiri 40, ba lokacin wannan aiki ba ne. Fenti yana bushewa a kan rulo kafin ka haɗa layi da layi, kowace mahaɗa ta bar sawu. A tsakiyar damina kuma, Yuli da Agusta, bango na iya riƙe danshi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, sai dai a kula da ƙura: ranar da hazo ya sauko a haƙura, ranar da gari ya yi garau a yayyafa ruwa a tsakar gida, a rufe tagar da iska ke bugowa, a bar ƙofa a buɗe. In dole ta sa sai da bazara, a fara bayan sallar asuba a tsaya kafin ƙarfe 10. Fanka a kashe ta har a gama shafawa. A tanadi ruwan wanke kaya tun daren jiya, kowa ya san halin famfon Damagaram.

Shafawa

Manna sikoc a gefen filafon, da kusurwar da jan zai haɗu da bango mai haske, da kan karo, wato tayil ɗin ƙasa, da kewayen makunnin wuta. Danne bakinsa da farce. Ga dabarar samun layi miƙaƙƙe: kafin jan, ka bi bakin sikoc ɗin da ɗan fentin bangon da ke maƙwabtaka, mai hasken, ka bari ya bushe. Shi zai toshe ƴan kafofin da jan zai bi ya tsiyaya.

Juye gwangwanayen jan duka a babban bokiti ka motsa sosai daga ƙasa, minti 5 aƙalla, don launin yana kwantawa a gindi. Batun ruwa kuwa, nan ake cutar masu gida. Ana tsinka fenti da ruwa don ya yi auki, ja kuma da ma shara-shara ne. Abin da aka rubuta a jikin gwangwani shi za a bi, yawanci bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba, wato kamar ƙaramin kofin shayi ɗaya ko biyu a lita. In ɗan kwangila ka ba aikin, ka tsaya a wurin lokacin haɗawa.

Aikin ya fi kyau da mutum biyu. Ɗaya ya bi gefe-gefe da buroshi, ɗayan ya biyo shi da rulo nan take tun gefen yana ɗanye. In aka zagaye bango duka da buroshi aka bari ya bushe sannan aka zo da rulo, za ka ga wani duhun layi ya kewaye bangon kamar firam ɗin hoto, kuma ba ya ɓacewa da sauƙi. Mai rulo ya jiƙa shi sosai amma kada ya riƙa ɗiga, ya ɗauki faɗin kamar mita 1, ya baza fentin sama da ƙasa, sannan ya bi da shafa ɗaya mai sauƙi daga sama zuwa ƙasa ba tare da dannawa ba. Sai ya matsa gaba, sabon layi yana hawa kan rabin na baya. In an fara bango ba a tsayawa sai an kai kusurwa, ko waya ta yi ƙara a bar ta. In ka hango wani wuri bai ji ba bayan ka wuce shi da minti biyu, kada ka koma, taɓa fentin da ya fara kamawa tabo yake bari. Shafi na gaba zai rufe.

Shafin farko ba zai yi kyau ba, ka sa wannan a ranka, ka kuma faɗa wa mutanen gida tun da wuri don kada hankalinsu ya tashi. Gwangwani zai ce awa 4 tsakanin shafi da shafi, amma ja mai duhu launi ya yi masa yawa, yana jinkirin ƙwari. A bar shi ya kwana. In aka yi gaggawa, rulo zai ɗago na ƙasan. Shafi na biyu washegari, na uku in ana buƙata jibi. Kada a yanke hukunci a kan launin yana ɗanye, fentin ruwa yana ƙara duhu in ya bushe. Sikoc kuwa a cire shi a hankali bayan shafin ƙarshe da kamar rabin awa, ana jansa a karkace. In an manta ya bushe, a bi bakinsa da reza tukuna.

Fitila da kayan ɗaki

Yawancin ƙwayayen fitilar da ke kasuwa masu farin haske ne mai shuɗi-shuɗi, waɗanda aka rubuta wa 6500K, haka ma yawancin fitilun sola. A ƙarƙashinsu ruwan zoɓo yana komawa shunayya mai sanyi, na makuba kuma ya dushe. Nemi wanda aka rubuta 2700K ko 3000K a kwalinsa, mai haske kamar na fitowar rana. Ranar da muka canza ƙwan fitila a ɗakin ƙanwata, gwaggonmu ta shigo ta ce, "Kai, ɗan nan, kun sake fentin ne?" Fitila biyu ƙanana a gefe sun fi guda ɗaya babba a tsakiyar filafon.

Sauran bangon su zama ruwan madara ko farin da ya ɗan karkata zuwa rairayi, don fari fat kusa da ja yana yanka ido. Abin da ya fi hawa da wannan launi yana nan a gidajenmu: tumtum na fata, tabarmar kaba, faifai, ƙwarya mai zane, tiren tagulla, katako mai duhu, da baƙin zane na shuni in an yafa a kujera. Madubi a bangon da ke kallon taga yana maido da hasken da jan ya shanye. Abin da zan roƙi iyayen amare shi ne a yi shawara tsakanin mai fenti da masu sayen kayan ɗaki. In bango ja, labule ja, kafet ja, kujeru ja, ido ba ya samun wurin hutawa, kuɗin da aka kashe kuma ba ya fitowa. Bangon ya riga ya ɗauki jan, labule ya zama ruwan madara ko ruwan zuma, sai a maimaita jan a ƴan matasan kujera biyu ko uku.

Fentin ruwa yana bushewa a taɓa cikin awa ɗaya ko biyu, amma ƙwarinsa na gaskiya sai bayan mako uku zuwa huɗu. A cikin wannan lokaci kada a wanke shi, kada a manna masa gado ko kujera, a bar tazarar yatsu huɗu. Ko bayan nan, ƙurar hunturu da busasshen tsumma mai laushi ake kaɗe ta, daga sama zuwa ƙasa. Tabo kuma da soso mai laushi da ruwa da ɗan sabulu, a dangwala kawai, ban da omo da soson ƙarfe. In ka ga ɗan ja a jikin tsumma a wankin farko, ba abin damuwa ba ne, yana dainawa.

Ragowar fentin a juye shi a ƙaramin mazubi da zai cika, don iska ce ke busar da shi, a rufe bakin da leda kafin murfi, a rubuta sunan launi da lambarsa da ranar da aka shafa. A ajiye shi a ɗaki mai sanyi inda yara ba sa kaiwa, ba a kan rufin kwano ko cikin shagon da rana ke gasawa ba. In wani wuri ya ƙwarzane, da ɗan guntun soso ake ɗiga masa, iyakar wurin kawai. In ɓarnar ta kai faɗin tafin hannu biyu, faci zai nuna, sai a sake wa bangon shafi ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa.